Sharar da na yi wa macizan Gwaggo Janaki

Makarantar da na je Indiya dominta ɗaki ɗaya ce tak a saman wani shagon tayoyi a birnin Delhi, kuma kwaɗo na tarar a ƙofarta. Na tsaya da jakata a kafaɗa ina ta ƙwanƙwasawa, har mai tayoyin ya leƙo ya yi mini alama da hannu cewa masu wurin sun daɗe da tashi. Dillalin makarantar da ya tarye ni a filin jirgi, wani mai yawan murmushi da kaɗa kai, ya ce in jira shi ya je ya karɓo mabuɗi. Har yau da nake wannan rubutu yana can yana karɓowa.

Sunana Sahabi, Bakabe ne ni ɗan Argungu, ga tsagata nan a kumatu ba ta ɓuya. A wani injin casar shinkafa nake aiki a kan hanyar Ambursa. Duk ranar da injin ya tsaya sai mu zauna mu zuba tagumi, shinkafar mutane na jibge, muna jiran a turo Ba'indiye ya taɓa shi. Abin ya riƙa ci mini rai, na ce ai gara in je inda ake ƙera abin in koyo gyaransa. Dangi suka haɗa hannu, Inna, mahaifiyata, ta sa mini albarka a gaban kowa, ni kuma na cika baki a majalisarmu har ana kirana injiniya tun ban taka matakalar jirgi ba. Saboda haka da na ga kwaɗon nan, ba yunwa ce ta fara faɗo mini a rai ba. Abin da na hango shi ne ranar da zan sauka tashar Argungu hannu rabbana.

Na kama wani ɗan ɗaki kusa da tashar jirgin ƙasa, mai warin danshi. Kullum in fita in yi ta yawo, jama'a kamar ƙasa amma ba wanda zan ce wa ina kwana. Wasu su tsaya suna kallon fuskata, wani ma har ya tambaye ni da Turanci ko damisa ce ta yakushe ni. In Inna ta kira sai in ce karatu na tafiya daidai, in kashe waya in yi ta share ido. Ruwa dai ya ƙare wa ɗan kada. Da abin ya ishe ni sai na cire kunya na kira Oga Chidi, wani Ibo mai sayar da kayan inji a Nasarawa cikin Birnin Kebbi, wanda in yana magana ba ka gan shi ba sai ka rantse Bakabe ne.

Ya ce, "Kai Sahabi, sun cuce ka ke nan. To kak ka yi kuka hwa, kai ba yaro ba na. Ka tuna Rajan, Ba'indiyen nan da yak kahwa muku inji, wanda masassara tak kayas?"

Na tuna shi sarai. Mu muka yi ta kai masa kunu da ruwan zafi a masaukinsa har ya miƙe.

"Tsaya in nemo ma shi. Mutumen kirki na."

Washegari Rajan ya kira ni da kansa. Da ɗan guntun Hausar da ya tsinta a wurinmu ya fara, wai "Sahabi, ina gajiya?" Wallahi sai da na zauna a ƙasa. Ya ce shi yana can kudu, a jihar Kerala, yana kula da wani injin shinkafa, in hau jirgin ƙasa in zo, abin da ya sani zai nuna mini.

Jirgin ƙasan nan ya yi tafiya har na fara zaton ƙasar ba ta da iyaka. Muka kwana muka tashi, muka sake kwana. Ba ni da guzuri sai biskit. Wata mata da ke zaune da mijinta a gabana ta lura, duk lokacin da ta buɗe ƙunshin abincinsu sai ta ɗora gurasa biyu a kan ganye ta turo mini, ba ta ko kallona. Ba mu taɓa yin magana ba har suka sauka. Da muka shiga kudu sai ƙasa ta sake, ko'ina ruwa da koren shinkafa, kamar an ɗauko fadamar Rima an shimfiɗa an dasa mata kwakwa. A nan kewar gida ta kama ni sosai, don ina ganin abin da na sani amma ba nawa ba ne.

Ana tsuga ruwan sama na isa ƙauyensu Rajan, jiƙe sharkaf. Gidan tsoho ne mai rufin jan tayal, mutum uku ne a ciki: Rajan, da matarsa Bindu, da mahaifiyarsa, wata 'yar tsohuwa ƙarama mai farin zane, sunanta Janaki. Ban iya kiran sunan tsohuwa gatsau ba, sai na sa mata Gwaggo, ta kuwa amsa. Ita ma sunana ya gagare ta, Sabi take cewa. Bindu na da ciki a lokacin, kuma daga baya na ji sun daɗe da aure, ta sha yin ɓari, wannan ne ya fara zama. Shi ya sa kowa a gidan yake lallaɓa ta kamar ƙwai.

Aiki ya kankama. Da safe mu tafi inji, Rajan ya kwance abu ya ce in mayar, in na yi kuskure ya ƙwanƙwashe ni da sifana a bayan hannu yana dariya. Ran Juma'a ya ɗora ni a babur ya kai ni masallaci a garin da ke gaba, ya jira ni a waje. Abinci ne kawai ya ƙi ni. Ni da nake taƙama da cin yaji a gida, barkonon mutanen nan da man kwakwarsu suka mayar da cikina ganga. Da Gwaggo ta ga ina ramewa sai ta koma ba ni madara da dafaffen ƙwai safe da yamma. Akwai kuma wani tafki a bayan unguwa, kuma ɗan Argungu ba ya ganin ruwa ya wuce. In na taso aiki sai in faɗa in yi nutso, in daɗe a ƙasa, wani lokaci in fito da kifi a hannu. Matan da ke wanki a bakin tafkin suka fara tattara kayansu da zarar sun hango ni, na ɗauka kunya ce.

Mai shayin bakin hanya ne ya warware mini. Dattijo ne da ya taɓa aiki a ƙasar Larabawa, muna haɗa ɗan Larabcina na makarantar allo da Turancinsa muna fahimtar juna, ga shi da son labari. Shi ya gaya mini cewa a wurinsu maciji ba ƙwaro ba ne kawai. Wai in gamsheƙa ta yi shekaru masu yawa ba ta sari kowa ba, dafinta sai ya dunƙule ya zama dutse mai haske, ita kuma ta sami ikon rikiɗa ta zama mutum, ta shiga kasuwa, ta yi baƙunta, har aure tana yi ba a gane ta ba. Wai in ka kashe ɗaya, hotonka na zama a cikin idonta, abokin zamanta ya zo ya duba, ya bi ka ko ina ka shiga. Ya ba ni labarin wata kyakkyawar mace mai farin kaya da ke tsayawa ƙarƙashin wata giginya tana roƙon matafiya, wanda ya bi ta da safe sai a tsinci gashinsa da farcensa a gindin giginya. Ni ma ban bari an bar mu a baya ba, na ba shi na 'yan ruwa da gajimare mai shanye hadari. Ya ji daɗi ƙwarai, ya ce ashe ku ma kuna da mutane.

Sannan ya sunkuyo ya ce, "Ka san abin da ake faɗa a kanka? Ka zo cikin ruwan sama ba wanda ya ga ta inda ka fito. Ba ka cin komai sai madara da ƙwai, abincin macizai ke nan. Kana shiga ruwa ka ƙi fitowa. Ga zane a fuskarka."

Na yi dariya har shayi ya sarƙe ni, amma raina ya ɗan sosu. Na ce ni da na yi sallar asuba yau ake mayarwa maciji? Ya ce ai ba zagi ba ne, girma ne. Duk hirarrakin nan da muka sha bai taɓa ce mini macizai na da masauki a gidan da nake kwana ba. A wurinsa wannan kamar ka gaya wa mutum ruwa na jiƙa ne.

A kusurwar bayan gidan akwai wani ɗan kurmi, manyan itatuwa da sarƙaƙiya sun cushe, rana ba ta shiga. Ko'ina a gidan tsaf yake, nan ne kawai aka bari. Kullum da magariba ina ganin Gwaggo ta ɗauki 'yar fitilar mai ta shige ciki ita kaɗai, ta jima ta fito. Ni a haukata na ɗauka kewayawa take yi, irin na tsofaffin da ba su saba da ban-ɗakin zamani ba. Rannan na tsinci saɓar maciji a bakin wurin, doguwa ta fi tsawon hannuna. Hankalina ya tashi. A garinmu in damina ta yi, ɗan kirki shi ne mai ɗaukar adda ya share bayan ɗakin uwarsa, balle gidan da ke da mai ciki. Ga shi kuma an ciyar da ni an shayar da ni, ban taɓa yi musu komai ba. Na ƙudurta zan ba su mamaki.

Ranar da suka kai Bindu awo asibiti su duka uku, na ɗauki addar fasa kwakwa na shiga. Na yi aiki irin na ɗan fadama, ina sara ina ja ina tarawa, har da 'yar waƙata. Ban taɓa manyan itatuwan ba, amma duk wani ƙaramin tsiro da igiyar daji sai da na kwantar. Da na kai tsakiya sai na ga wani ɗan dandamali, a kansa an jera duwatsu da aka sassaƙa da siffar macizai sun fasa kai, an shafe su da kurkum rawaya, ga fitilar Gwaggo a gabansu, ga ɗan kasko da sauran madara. Na tsaya cak. Ban gama fahimtar abin da na yi ba, amma na san na taɓo wuta.

Ina tsaye da addar a hannu suka dawo. Bindu ce ta fara gani. Ta yi wata ƙara, ta dafe cikinta da hannu biyu ta sulale ta zauna a ƙasa. Gwaggo ta tsaya tana kallon hasken rana a kan duwatsun nan. Rajan ya karɓe addar daga hannuna a hankali, ya ja ni gefe. Ya ce wurin na macizan gidansu ne tun kakanni, ba a karya ko tsinke, ba a shiga da ƙarfe. A imaninsu wanda ya ɓata wurin ya jawo wa gidan abu biyu: rashin haihuwa, da cutar fata, irin farin tabon nan da muke kira albaras. Ya ce fitilar da uwarsa ke kaiwa kullum saboda cikin Bindu take kai ta.

Ban taɓa jin kunya irin ta ranar ba. Na shiga ɗaki na haɗa jakata, don na san zamana ya ƙare tun ban koyi rabin abin da ya kawo ni ba. Sai na kira Inna, na zayyana mata komai tun daga kwaɗon Delhi.

Ta ce, "Wa yas sa ka?"

"Inna, gyara niy yi niyya."

"Gyaran gangar Auzinawa. Kai da aka haihwa bakin gulbin Matan Hwada? Ka taɓa ganin wanda yaj jehwa homar kamun kihi cikin gurbi tun Sarkin Ruwa bai buɗe ruwa ba? Kowane gari da abin da ba a taɓawa, Sahabi. Ba a ce ka yarda da nasu ba, amma baki na gare ka, mi yah hana ka tambaya?"

Na ce na tuba.

"Ba ni za ka ba haƙuri ba. In sun ce ka tahi, ka tahi da godiya, sun ciyad da kai. Amma kak ka duƙa ma dutsi, ka ji ko?"

Da safe tsakar gida ta cika. Maƙwabta sun zo, yayan Bindu ma ya zo daga garinsu, wani ƙaƙƙarfa mai gashin baki, yana ta faɗa yana nuna ni da yatsa. Mai shayi ya tsaya kusa da ni yana fassara mini. Maganarsa ɗaya ce, baƙon nan ya bar gidan yau, in ba haka ba zai tafi da ƙanwarsa. Ban ga laifinsa ba ko kaɗan, da ni ne da abin da zan yi ya fi haka. Rajan ya sunkuyar da kai, ga matarsa ga baƙonsa.

Sai Gwaggo ta fito daga madafa tana goge hannu a zanenta. Ba ta ɗaga murya ba, amma kowa ya yi tsit.

Ta ce, "Ku ne kuka yi ta yawo da magana cewa baƙona ba mutum ba ne, mai kurmin ne ya zo da siffar mutane. To yau ku zaɓa. In gaskiya kuka faɗa, mai ɗaki ya share ɗakinsa, wa ya isa a cikinku ya kore shi?"

Na buɗe baki zan ce ni fa ɗan Adam ne, mai shayi ya take mini ƙafa da ƙarfi.

Ta ci gaba, "In kuwa ƙarya kuka yi, to baƙo ne da ya ga tsohuwa na shiga duhu ya ji tausayinta. Kuna nan shekara da shekaru, wa ya taɓa jin tausayin ƙafata a cikinku? Bai sani ba. Laifin na wanda bai gaya masa ba ne. Ba inda za shi."

Matan tafki suka riƙa kallon ƙasa. Yayan Bindu ya yi ta huci, amma bai tafi da kowa ba, don Bindu da kanta ta ce tana nan.

Bayan 'yan kwanaki aka kira wasu mawaƙa, mata da miji, masu kaɗa wata tukunya mai tsirkiya, waɗanda sana'arsu ke nan roƙon macizai gafara. Aka zana ƙaton hoton maciji a ƙasa da garin launi, aka kawo madara da kurkum. Na gaya wa Rajan cikin ladabi cewa duk wahalar da za a sa ni zan yi, amma addinina bai bar ni in durƙusa a wurin ba. Ya faɗa wa uwarsa. Ta ce wa ya ce ya durƙusa? Hannun da ya sare shi zai dasa. Saboda haka daga nesa na tsaya, na ga ta shiga gaban duwatsun ita kaɗai ta daɗe tana magana da harshensu, ta shafa hannuwanta biyu tun daga kafaɗa har yatsu. Na ga Rajan ya juya baya yana goge fuska, na ɗauka hayaƙin turare ne. Washegari aka ba ni tsirrai, ba adda ba fartanya, da hannu da ɗan itace na yi ta tona ina dasawa. Kullum kafin in tafi inji sai na yi musu ban-ruwa.

A watannin da suka biyo baya ne na koyi abin da nake ci da iyalina da shi yau a Birnin Kebbi. Amma ban yi barci mai daɗi ba sai ranar da Bindu ta sauka lafiya, ta sami 'ya mace mai cikakken gashi. Na yi sujadar godiya a ɗakina, yayan Bindu ma har da rungume ni. Na ce to, magana ta ƙare.

Sai dai akwai abin da Gwaggo ba ta daina ba. Tun bayan zuwan mawaƙan nan, kowace safiya sai ta fito inda rana ke faɗowa ta miƙa hannuwanta tana juya su, tana dubawa a hankali har bayan gwiwar hannu. Ana saura kwana kaɗan in taho, muna canza bel a inji, na tambayi Rajan ko wani ciwo ke damunta. Ya yi kamar bai ji ba. Na sake tambaya. Ya ajiye sifana.

Ya ce, "Ta hana ni gaya maka. Ranar roƙon nan, abin da ta ce musu shi ne ita ta bar addar a inda za ka gani, ita ta ƙi yi maka bayani. Ta ce in akwai hukunci, kada su taɓa cikin Bindu, kada su bi baƙo ƙasarsu, ɗan wata ne. Su sauke shi a fatarta."

Ni ban yarda maciji na iya sa wa mutum albaras ba, har gobe ban yarda ba. Amma ita ta yarda, tun tana yarinya ta yarda, kuma da wannan tsoron a cikinta ta miƙa jikinta saboda wani ƙato da ko sunansa ba ta iya faɗa daidai ba. Watanni tana tashi kowace safiya tana jiran ta ga farin tabo, ni kuwa ina shan madararta ina murna an yafe mini a banza.

Na bar aikin na koma gida. Na same ta a bakin madafa tana kankarar kwakwa. Na durƙusa a gabanta yadda nake durƙusa wa Inna, na rasa da wane harshe zan yi magana, hawaye kawai ke zuba. Ta dube ni, ta dubi Rajan da ya biyo ni, nan take ta gane, ta balbale shi da faɗa. Sannan ta ajiye kwakwar, ta goge hannuwanta, ta miƙo su gaban fuskata cikin rana. Ta juya su ciki, ta juya su baya, tana cewa "Sabi, Sabi," tana girgiza kai tana murmushi, wai in duba da kyau, ba komai.

Ni take kwantar wa hankali.